Ba a Gyara Layi Sai da Ƙorafi

Duk tsawon aikinsa, Baba Mai Waya bai taɓa hawa falwaya ba sai da takarda a aljihunsa. Na san haka domin ni ne mai rubuta takardar.

Ina sabon ɗauka a ofishin waya aka zaunar da ni a teburin bakin ƙofa, inda ake karɓar ƙorafi. Aikin ba wuya. Wanda wayar gidansa ko ta shagonsa ta mutu zai zo ya faɗa, in rubuta lambar layin da unguwar da abin da ya ce ya same ta, in yage takardar in miƙa wa masu gyara. Masu gyaran suna da yawa, amma shi kaɗai ne yake tsayawa ya karanta kafin ya ninke ya sa a aljihu. Dogo ne, ba jiki, kullum da 'yar filaya a aljihun gaba inda wasu ke soke alƙalami. Tun a lokacin Baba muke ce masa, ko da yake furfurarsa ba ta wuce tsilli-tsilli ba. Ni kuwa Akawu yake ce mini, har yau da 'ya'yana suka tasa.

Wata safiya na ce masa, "Baba, na ga waya ta tsinke tana reto a hanyarmu, kusa da gidan mai."

Ya ce, "Wa ya kawo ƙorafi?"

Na ce, "Babu kowa tukuna."

"To, bar ta ta yi ta reto. Layin da ya mutu ba wanda ya zo ya yi kuka, dama can ba mai amfani da shi. Ga na masu kuka nan a aljihuna, su zan fara ji."

Na ɗauka taurin kai ne. Daga baya na gane haka aka koya masa aikin, haka kuma ya riƙe shi har ya zame masa jiki.

Tarihinsa gajere ne, kuma a hankali na tattara shi, don ba mai yawan magana ba ne. Mahaifinsa mai gyaran keke ne. Shi ya shigo ofishin waya yana saurayi a matsayin mai ɗaukar tsani, daga nan aka bar shi ya hau tsanin, a kansa kuma ya tsufa. Aurensa ɗaya. 'Ya'yansa biyu: mace, wadda aure ya kai ta nesa, da namiji, wanda aiki ya kai shi inda ya fi nan nisa. Ba ya zaman majalisa, ba ya kallon ƙwallo. In an tashi aiki sai gida.

Da wayar hannu ta shigo, teburina ya fara yin sanyi. Ba layukan ne suka daina mutuwa ba, mutane ne suka daina zuwa faɗa. Sai mu wuni, ni a kan tebur, shi a kan benci, muna kallon ƙofa. Ƙarshe aka rufe sashen namu. Ni na samu aikin akawu a wani kamfanin sufuri, shi aka yi masa ritaya.

Ranar da muka je kwashe 'yan komatsanmu, muka tarar an tara tsoffin wayoyin girke a bayan ofis, tsibi guda, ana jiran masu sayen tsoffin ƙarafa. Baba ya tsaya ya daɗe yana kallo. Sai ya sunkuya ya zaro wata baƙa mai nauyi, gefenta ɗaya a ɓantare.

Ya ce, "Ka ga wannan? Ta ɗakin haihuwa ce, a babban asibiti. Ni na kafa ta. Wannan ɓantarewar, wani ne ya zo sanar da 'yan'uwansa an sauka lafiya, yana cikin magana aka leƙo aka ce masa ba ɗaya ba ne, biyu ne. Sai ya sake ta."

Ya goge ta da hannun rigarsa, ya je ya nemi izini, ya ɗaure ta a bayan kekensa. Daga ita aka fara.

Ni ba a unguwarsu nake ba, amma na saba leƙa shi duk Asabar bayan la'asar, don haka a kan idona abin ya yi ta ƙaruwa. Yana bin kasuwar 'yan gwanjo, da wurin masu tsoffin ƙarafa, da duk ofishin da ya ji an ce zai tashi. Ya buga kantoci a bangon falo ya jera su. Akwai baƙaƙe masu faifan lamba, wanda in ka juya da yatsa yake komawa da kansa yana gurnani. Akwai wata ja ta 'yan kwana-kwana. Akwai farare da tsufa ya mayar ruwan madara, na wani otal da aka rushe. Akwai na katako, na jikin bango, masu ɗan hannu a gefe da ake wanawa kafin a yi magana. Waɗannan ya fi ji da su, wai su ba ruwansu da ofis, waya da batir sun ishe su. A otal ɗin nan ne ya samo ƙaramin allon haɗa kira, mai ramuka da igiyoyi, ya kafa shi a ɗan ɗakin bayan gida inda yake aiki.

Na taɓa raka shi wurin wani mai tsoffin ƙarafa. Mutumin yana hango shi ya ce, "Ga likitan matattu nan! Baba, yau gawa biyu na ajiye maka." Baba ya tsuguna cikin tarin matattun fankoki da ƙafafun kujeru, ya ɗaga ta farko ya girgiza a kunne, ya leƙa ƙasanta, ya ajiye. Ta biyun ko kai ba ta da shi, amma ita ya ɗauka. Ya ce akwai wani kai a gida da ya daɗe yana jiran jiki.

Ba don ado kawai yake tara su ba. Duk wadda ta shigo gidan sai ta yi magana. Zai kwance ta a kan tsohuwar jarida, ya zuba ƙananan notocinta a murfin gwangwani, ya wanke ta da tsohon burushin baki, ya ɗiga man keke, ya yi ta fama da ƙararrawar har sai ta yi kukan da ya san ta da shi. Ya ce kowace da muryarta. In ya juya baya na kaɗa ɗaya, sai ya ce, "Ta otal ce, mai tsagaggen kai." Ban taɓa kama shi ya yi kuskure ba.

Matarsa, wadda nake ce wa Inna, mace ce mai barkwanci. Takan kawo mini shayi ta ce, "Akawu, ka ga gidan nan? Wayoyi sun fi cokula yawa. Amma in ina son magana da maigidan, sai na yi ihu kamar mai kiran awaki."

Shi kuma daga ɗakin baya ya ce, "Ki kawo ƙorafi a rubuce."

"Ka ji ko? Shekara da shekaru ina kawo ƙorafi, ba a taɓa turo mini mai gyara ba."

Sai ciwo ya kwantar da ita. Ɓarin jikinta ya shanye, muryarta ta koma ƙasa-ƙasa, ihun ma ya gagara. A nan ne tarin Baba ya yi rana. Ya ɗauko baƙar nan ta ɗakin haihuwa ya ajiye a kan kujera gefen gadonta, wajen hannunta mai lafiya, ya ja waya ta bin bango har ɗakin baya. Ya haɗa ta yadda ba sai ta juya komai ba. Da ta ɗaga kan, ƙararrawa za ta kaɗa a wurinsa.

Na sha zama a ɗakin bayan nan ta kaɗa. Zai goge hannu, ya bar ta ta ɗan yi kuka, don a ofis ba a fizgar waya kamar mayunwaci, sannan ya ɗaga ya ce, "Ofishin waya, wa ake nema?"

Ba na jin abin da take cewa, nasa kawai nake ji. "Ƙuda? A ina? To, za a turo ma'aikaci." Sai ya ajiye ya tafi ya kore ƙudan. Wani lokacin ba ƙuda ba ƙishirwa, so kawai take ta ji ko yana nan. Ya taɓa ce mini a 'yan shekarun nan sun yi hirar da ba su yi ba tun aurensu, shi a ɗakin baya, ita a kan gado, bango ne kawai tsakaninsu.

Da ta rasu, Allah ya jiƙanta, 'ya'yan suka zo suka yi 'yan kwanaki suka koma. Ɗan ya bar masa wayar hannu sabuwa fil. Baba yana yi mata caji, yana amsawa in sun kira, amma ba ya son ta. Ya ce wayar da ba ta da igiya ba ka san ta inda magana ta biyo ba. Kiran ma ba kullum ba ne, kuma ba ya tsawo: Baba ya jiki, ka sha magani, sai an jima.

Gidan ya yi tsit. Wayoyi bango guda, duk lafiyarsu lau, ba mai kaɗa ko ɗaya. Wata Asabar na yi sallama bai ji ba, na shiga na tarar da shi a ɗakin Inna, ya ɗaga kan baƙar wayar yana sauraron ƙararrawa tana kuka can a ɗakin baya. Da ya gan ni ya ajiye ya ce, "Gwaji nake."

Bayan nan ne ya fara raba wayoyi a titinsu. Ya kai wa mai aski ɗaya daga cikin na otal. Ya kai wa mai kanti jar nan ta 'yan kwana-kwana. Tela, wanda ke tsallaken titi, ya samu ta katako mai hannun wanawa. Duk kyauta, da sharaɗi ɗaya: a bar shi ya ja waya. Ya fito da tsohon tsaninsa, ya bi falwayoyin lantarki da siririyar waya, daga kowane shago zuwa allon nan na ɗakin baya. Shekarunsa sun wuce na hawa tsani, amma ranar da ya gama sai na ga kamar an rage masa su.

Da farko abin ya zama wasa a titin. Mai aski, wanda bakinsa ba ya hutawa, yakan kira ya ce, "Ofis, haɗa ni da mai kanti, in tambaye shi me ya sa sabulunsa ba ya kumfa." Baba ya soka igiya a rami ya haɗa su, yana murmushi. Masu jiran aski su yi ta ɗaukar hoto da wayar. Amma marmarin bai daɗe ba. Mai aski da mai kanti kowa da waya a aljihunsa, kuma ma in ɗaya ya ɗaga murya ɗayan zai ji. Kiransu ya ja baya, ya koma Baba ne mai kira. Kullum da hantsi zai bi su ɗaya bayan ɗaya, wai yana gwada layi. "Ana ji na sosai? Ba ƙara? To, ya kasuwa?"

Ta tela kuwa ba a cikin shago aka kafa ta ba, don babu wuri. An buga ta ƙasa-ƙasa a bangon ɗan lungun da ke tsakanin shagon da cikin gida, kuma tela ba ya jin ta saboda ƙarar keke. A lungun nan mahaifiyarsa take wuni a kan tabarma. Tsohuwa ce da ta girmi Baba, idonta ya tafi, bakinta kuwa yana nan da kaifinsa. Ita take lalubawa ta ɗaga. Baba ya sha ba ni labari yana girgiza kai.

"Da na ce ina Tela, sai ta ce, 'Yana neman abinci, ba kamar wasu ba.' In ce Yaya, gwada layi nake. Ta ce, 'Jiya ma ka gwada. Tsufa ne ko rashin aikin yi?' Sai ta hau ni da faɗa, daga kaina ta koma kan jikokinta, daga nan ta koma kan gwiwarta, ni dai ina riƙe da waya. Wannan layin, Akawu, asarar waya ce kawai."

Ranar da abin ya faru ba na nan, shi ma ba ya nan, ya je asibiti a duba masa hawan jini. Daga baya na ji yadda aka yi. Ma'aikatan lantarki ne suka zo da mota suna cire wayoyin masu satar wuta. Ba su tambayi kowa ba, kuma a gaskiya ba za a ga laifinsu ba, tunda waya ce ta fito daga gidan mutum ta hau falwayarsu. Suka datse duka, suka naɗe, suka jefa a mota.

Asabar ɗin da ta biyo baya na tarar da guntayen wayar suna reto a jikin katangarsa, an naɗe bakin kowace da baƙin tef, tsaf, irin naɗin ma'aikaci. Shi yana ɗakin baya a gaban allo, hannuwa a kan gwiwa.

Na ce, "Baba, sai haƙuri. Ai akwai sauran waya. Gobe ba na aiki, in zo in riƙe maka tsani mu nemi wata hanyar."

Ya ce, "Wa ya kawo ƙorafi?"

Na yi dariya, na ɗauka wasa yake. Shi bai yi ba.

"Ni nake kiransu, Akawu. Kullum ni. Yanzu na samu hanyar sanin ko layin nan yana da mai shi. In da wanda ya rasa shi, ga ƙofata nan, ba nisa."

"To, ni na kawo ƙorafin."

"Kai ba ka da layi."

Sannan ya gaya mini sauran. Ɗansa ya daɗe yana matsa masa ya rufe gidan ya koma wurinsa. Akwai ɗaki, in ji shi, amma ba wurin tarkace, sai dai masu sayen ƙarafa su zo su kwashe. Baba ya yi ta ce masa ba zai tafi ya bar allo ba kowa ba. Yanzu ɗan zai zo ƙarshen wata, kuma Baba ya riga ya ce masa in har lokacin ba wanda ya nemi layin, zai haɗa jakarsa ya bi shi.

Ya nuna ni da yatsa. "Kuma kada in ji ka je ka raɗa wa wani. Ƙorafin da aka roƙo, ba na ɗaukar filaya a kansa."

Na yi masa alkawari.

Alkawarin bai hana ni zuwa aski ba. Na zauna a kujerar mai aski duk da gashina bai taru ba. Farar wayar otal tana bisa wata 'yar kanta, an rataya mata tawul.

Ya ce, "Malam Akawu, ina tsohonka? Kwana biyu shiru. Ko an yi masa ƙarin girma ne ya daina kula talakawa?" Ya yi dariya, ya koma kan labarin ƙwallon jiya. Bai ɗaga wayar ba, balle ya san ta mutu. Na bar shi ya aske abin da babu.

Mai kanti ya sani, don a gabansa aka datse. Ya ce, "Wallahi na so in je in yi masa jaje, ka san kanti ba a bari. Amma ka ga ai ya huta da hawa sama, mutum a shekarunsa." Jar wayar tana ƙarƙashin kwalayen sabulu. Tela kuwa ko kai bai ɗago ba, keke na ta gudu. Na ɗaga masa hannu na wuce.

Ko ɗaya cikinsu ba mugu ba ne. Da Baba zai faɗi a titi, su za su fara ɗaukarsa. Layin ne dai ba su rasa ba.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Baba ya fara barin ƙofar gida a buɗe, abin da ba ya yi a da, ya jawo kujera inda zai riƙa hango ta. Asabar ta gaba na ga kwalaye a falo. Ya fara sauke wayoyi daga kanta ta sama, yana kanannaɗe igiyar kowace a jikinta, ya lulluɓe ta da jarida, kamar wanda zai aika su baƙunta, alhali ya san inda za su. Bangon ya fito da tabon inda kowace ta zauna. Na taya shi riƙe kwali. Ya kawo shayi, ya manta bai sa sukari ba, muka sha haka.

Asabar ta ƙarshe kafin zuwan ɗan, muna falo, kantocin sun kusa zama wayam, sai muka ji hayaniya a titi. Ƙarar burki, da hon ɗin babur, da wata murya tana cewa, "Ka taka ni mana, ɗan nema! Titin na gidanku ne?"

Na leƙa. Mahaifiyar tela ce a tsakiyar titi, sanda a gaba, mayafi ya zame, takalmi ƙafa ɗaya nata ɗaya na jikanta. Ababen hawa sun tsaya mata dole. Na ruga na kama hannunta, ta fizge.

"Wane ne? Ba ja nake so ba. Nuna mini ƙofar mai igiyoyin nan."

Ta shigo tana zungurar kwalaye da sanda. Baba ya miƙe tsaye.

"Yaya, ke ce da kanki? Sannu da zuwa. Ga kujera."

"Riƙe kujerarka. Kai wane irin ma'aikaci ne? Ka zo ka liƙa wa mutane akwati a bango, ya mutu, ka yi kwanciyarka? Kullum in wana, in wana, har kafaɗata ta riƙe, shiru kake ji kamar rijiya. Na aiki wancan mai kunnen ƙashin ya gaya maka, kullum sai, 'To Iya, bari in gama wannan rigar.' Rigar nan ko ta giwa ce ai ya ci a ce an gama!"

Baba ya ce, "Ai na ɗauka damunki nake yi."

"Damuna kake yi mana! Wa ya ce ba ka damuna? To, sai aka ce ka daina? Tun da abin nan ya mutu ban samu wanda zan yi wa faɗa ya tsaya ya ji ba. Jikoki in na fara sai su gudu, matar gidan ta ƙure rediyo. Kai kaɗai ne marar aikin yi." Ta buga sanda a ƙasa. "Har na ce ko mutuwa ka yi aka ɓoye mini."

Sai Baba ya juyo gare ni, da muryar da na sani tun ina teburin bakin ƙofa.

"Akawu, kana ji ana kawo ƙorafi ka tsaya kallo?"

Na laluba aljihu na samu alƙalami. Takarda babu, sai na yage murfin kwali. Na rubuta: layin gidan tela, ba ya kaɗawa, mai ƙorafi ta zo da kanta. Na miƙa masa. Ya karanta kamar yadda ya saba, ya lanƙwasa ya cusa a aljihu bayan filaya.

Falwaya dai ta haramta, kuma ba wani wurin ɗaura waya ta tsallake titi ta sama. Baba ya fita ya tsaya yana duban titin, sai idonsa ya sauka a kan kwalbatin da ruwan sama ke bi ta ƙarƙashi. Ya koma ciki ya ɗauko tiyon da Inna take ba shukokinta ruwa da shi, ya zura waya a ciki, ya ɗaure bakinsa a jikin dogon rodi. Shi ya durƙusa a wannan bakin yana turawa, ni na shiga kwata a wancan bakin da wandona mai guga, ina laluben tiyo cikin laka da ledoji. Mai aski ya fito da almakashi a hannu yana cewa, "Baba, an koma haƙar ma'adinai ne?" Tela ya tsayar da keke, ya fito yana sosa ƙeya, ya karɓi wayar daga hannuna ya bi da ita gefen bango. Mahaifiyarsa tana zaune a bakin shago tana ba da umarnin aikin da ba ta gani.

Kafin magariba aka gama. Muka koma ɗakin baya, hannuwanmu duk laka. Baba ya zauna gaban allo ya soka igiya a ramin tela. Bai kira ba. Ya harɗe hannu ya jira.

Ƙararrawa ta kaɗa.

Ya bar ta ta ɗan yi kuka, ya goge hannu a wando, sannan ya ɗaga.

"Ofishin waya, wa ake nema?"

Wannan karon na ji ɗaya ɓangaren, don ba a hankali take magana ba. "Wa zan nema? Akwai wani a gidan ne ban da kai da gizo-gizo?"

Ɗan ya zo ƙarshen wata kamar yadda ya ce. Ya yi magiya, ya yi fushi, ya ji da kunnensa ana yi wa mahaifinsa faɗa ta akwatin katako, ya koma shi kaɗai. Baba ya ce masa akwai layi a kan allo, kuma ba a barin allo da layi a kai.

Wayoyin da ya naɗe bai mayar da su duka ba. Kwalayen suna nan a gefen falo, yana fito da su ɗaya-ɗaya in ya ga dama. Gidan har yanzu shiru ne yawancin yini. Da hantsi ƙararrawa takan kaɗa, a yi faɗa, a ajiye, shirun ya dawo. Gwiwar tsohuwar tana ƙara tsanani, kuma Baba ya san shekarunta kamar yadda ya san nasa. Ba ma yin wannan maganar.

Guntayen wayar mai aski da ta mai kanti suna nan a jikin katanga, bakinsu a naɗe. In rana ta cinye tef ɗin yakan sake sabo. Makon jiya na ce masa waɗannan ai ba sai an hau sama ba, ta bin bango ma za su kai. Ya dubi ƙofa, wadda har yanzu a buɗe yake barinta, ya ce ba a kawo ƙorafi ba.